Barin tazara a gaban gida ba ƙwace fili ba ne

Yana damuna yadda ake cewa a ƙauyukanmu na Jigawa dokar barin tazara tsakanin katanga da hanya dabara ce ta ƙwace wa talaka fili. Na gane tsoron, fili ya yi tsada. Amma ba haka abin yake ba. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora wa ƙaramar hukuma kula da filayen karkara, tazarar nan kuwa ita ce wurin lambatu da bishiya. Idan kowa ya turo katangarsa har bakin hanya, ruwan damina ba shi da mafita sai gindin ginin ƙasa. Inda aka bar ta, darbejiya na samun wurin yin saiwa, masu tafiya a ƙasa su samu inuwa lokacin bazara.