Malamin wasanninmu ya rasu, filin da ya bari kuma yana ƙanƙancewa

Cikin 'yan ƙwallon Najeriya da suka ciwo lambar zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, kuma dukkansu haifaffun Kaduna ne. Kafin su an yi marigayi Rashidi Yekini, wanda shi ma a Kaduna aka haife shi, ya fara taka leda a kulob ɗin masaƙar UNTL, daga baya ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya ta 1994. Gari ba ya tara irin waɗannan mutane da sa'a kawai. A wancan zamani da wuya ka shiga makarantar gwamnati a Tudun Wada ko Kawo ko Kakuri ba ka tarar da fili mai faɗi ba, tare da wani malami guda da ya riƙe filin nan tamkar gonar gadonsa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan malamai shi ne namu, wanda Allah ya yi wa rasuwa kwanakin baya bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin iyalansa ba su nemi a yi ta yawo da shi a intanet ba, kuma waɗanda suka zauna a gabansa sun san wanda nake nufi. Babu ko ɗaya cikin ɗalibansa da ya zama Amokachi. Malaman makaranta muka zama, da direbobi, da sojoji, da 'yan kasuwa, da 'yan ci-rani irina da ke zaune a Birmingham ta Ingila, inda 'ya'yana suke karatu, inda kuma nake ganin yadda wata al'umma ta tsara aikin da shi ya yi shi kaɗai.

A takarda, labarin ƙasa aka ɗauke shi ya koyar. Wasanni ƙari ne da shugaban makaranta ya ɗora masa, ba tare da ko sisi ya ƙaru a albashinsa ba. Da an tashi daga makaranta sai ya je gida ya ci abinci, ya yi sallar la'asar, ya dawo a kan tsohon babur ɗinsa da ƙwallaye biyu a cikin buhu, ɗaya ta sha faci har ba a gane asalin launinta. Idan damina ta wuce shi ne zai raba mana langalanga mu sare ciyawa, sannan ya auna layukan tsere da igiya, a bi su da toka ko baƙin mai. Lokacin intahaus kuwa sai ya yi mako guda kamar ba shi da iyali: shi ne mai aron kujeru da rumfa, shi ne alƙali, shi ne mai zuba wa wanda ya gama gudu garin gulukos a tafin hannu. Yaron da ba shi da kambas yakan wayi gari ya samu, kuma sai bayan shekaru muka fahimci daga aljihun wa suke fitowa.

Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, yana da bulala, kuma gwale-gwalensa ga wanda ya makara ba abin da zan so a yi wa ɗana ba ne. Amma yana da wata doka da ba ya sassautawa: wanda ya faɗi jarrabawar zango ba zai sa jesi ba, ko da kuwa shi ne gwanin makaranta. Idan uba ya hana ɗansa fitowa da yamma saboda Islamiyya, Malam ba ya aika takarda. Zai je da kansa bayan magariba, ya yi sallama, ya tsuguna a zaure ya ce, "Baba, a ba ni aronsa ranar Alhamis da Juma'a da ba a karatun allo, sauran kwanakin naku ne." Da wuya dattijo ya ce a'a. Ta wannan hanya ya samu iyaye suka bar 'yan mata kaɗan suka yi ƙwallon hannu da guje-guje, abin da ya jawo masa surutu ba kaɗan ba.

Akwai wani alherinsa da ban ga girmansa ba sai da garin ya sauya. Ƙungiyar da ya haɗa ba ta san unguwa ko addini ba. Mai tsaron gidanmu daga Sabon Tasha yake zuwa, mai kai harinmu daga Unguwar Shanu, kuma a bayan akori-kura ɗaya muke cunkusuwa mu tsallaka gada idan za a kara da wata makaranta. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002 jama'a sun rarrabu, wasu suka koma arewacin kogi, wasu kudanci, har aka samu yara masu tasowa waɗanda ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Malam ya ci gaba da neman wasan sada zumunci da makarantun tsallake a lokacin da mutane da yawa suke ganin hakan ganganci ne. Bai taɓa kiran abin da suna mai girma ba. Cewa yake yi yaransa ba za su iya ƙwallo ba idan kullum da 'yan unguwarsu suke bugawa.

Da labarin rasuwarsa ya bazu, dandalin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ya cika da ta'aziyya da tsofaffin hotuna, daga nan aka shiga shawarar abin da za a yi don tunawa da shi. Wasu suka ce a sa wa wani ɗakin karatu sunansa, wasu suka ce a shirya gasar cin kofi duk shekara. Da yake ina Ingila, sai aka juyo kaina da cewa ai Turawa su ne suka san darajar malami, in faɗi yadda suke yi.

Gaskiya ne cewa a nan ana ambaton malamin wasanni a bainar jama'a. Mo Farah, ɗan tseren Birtaniya wanda ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta London a 2012 ya kuma maimaita a Rio a 2016, bai taɓa ɓoye cewa malaminsa na motsa jiki, Alan Watkinson, shi ne ya gano baiwarsa ba. A 2022 ya bayyana cewa safararsa aka yi zuwa ƙasar yana yaro aka sa shi aikatau, kuma wannan malami ne ya fara buɗe wa cikinsa, shi kuma ya kai maganar ga hukuma har aka sauya masa gida. Ian Wright na Arsenal ma duniya ta ga yadda ya zubar da hawaye da ya haɗu da tsohon malaminsa Sydney Pigden. Amma ban yarda cewa sun fi mu ƙaunar malami ba. Sahun mutanen da aka ce sun sallaci Malam, da waɗanda suka ɗauki nauyin maganinsa a ɓoye, da addu'ar da ake yi masa a masallatai daga Rigasa har Jidda, sun fi masa amfani a inda yake yanzu fiye da kowane allon ƙarfe da za a manna a bango. Ba a ƙauna suka fi mu ba. Sun fi mu ne a abin da ke saura bayan malamin ya tafi.

A Ingila darasin motsa jiki wajibi ne a manhajar ƙasa tun daga firamare har ƙarshen sakandare, kuma ana sa ran yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya bar firamare. Tun 2013 gwamnati take ware wa makarantun firamare kuɗi na musamman don wasanni, aka ninka shi a 2017 ya kai kimanin fam miliyan 320 a shekara, kuma dole kowace makaranta ta wallafa yadda ta kashe rabonta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne batun fili. Su ma sun yi asarar filayen makarantu masu yawa da aka sayar a shekarun 1980 da 1990, sai da aka yi ta ƙorafi kafin dokar 1998 ta wajabta neman amincewar ministan ilimi kafin a sayar da filin wasan makaranta. Dokar ba ta hana sayarwa ɗungurungum ba, amma ta sa babu wanda zai yanki gefen fili da dare a wayi gari an ga harsashin gini.

Duk da haka, mutum irin Malam ya yi ƙaranci a nan, kuma suna da dalilansu. Bayan takaddamar albashi da malamai suka yi da gwamnati a tsakiyar shekarun 1980, an ƙayyade musu sa'o'i 1,265 na aikin dole a shekara, malamai da yawa kuma suka janye daga wasannin yamma da na Asabar da a da suke yi don ra'ayin kansu. Yau makarantu da dama hayar koci suke yi daga kamfani, ya zo ya yi sa'arsa guda ya tafi wata makarantar, bai san uban kowa ba. Duk mai aiki da yara sai an binciki tarihinsa, kuma ƙa'idojin makarantu ba su yarda malami ya ɗauki yaro shi kaɗai a motarsa haka kawai ba, balle goyo a babur. Kada mu yi saurin yi musu dariya: asirin cin zarafin yara da ya tonu a harkar ƙwallonsu a 2016 ya nuna abin da amana marar sa-ido take iya haifarwa, kuma mu ma ba mala'iku ba ne, shiru kawai muka fi su iyawa. Sai dai sakamakon shi ne, yaron da yake son ƙwallo da gaske sai iyayensa sun biya kuɗin kulob na ƙarshen mako, sun kuma sami motar kai shi. Ɗan talakan da Malam zai saya wa kambas, a nan sau da yawa a gida yake zama.

Idan aka ce in zaɓa wa ɗana, zan so ya samu mutum irin Malam. Amma idan aka ce in zaɓa wa Kaduna, ba zan so a sake jingina tarbiyyar ɗaruruwan yara a kan aljihu da lafiyar mutum ɗaya ba, domin mun ga abin da ya biyo baya. Tun da ya yi ritaya wasannin yamma suka mutu a makarantarmu. A ziyarata ta ƙarshe na tarar an gina azuzuwa a inda ramin tsalle yake, shaguna sun jeru a jikin katanga, ragowar filin kuma ya zama hanyar masu babur. Ba na zargin wanda ya gina aji, domin yara sun yi yawa kuma ba za a bar su a rana ba. Sai dai babu wanda ya tsaya wa filin ranar da ake yanke shawara. Makarantun kuɗi da suka cika unguwanni kuwa, da yawansu a gidajen haya suke, ko wurin yin layin safe ba su da shi, yammacin yaro kuma ya tafi a lesin na WAEC da JAMB. Son ƙwallo bai ragu ba, ya koma gidan kallo ne, inda matashin da bai taɓa zagaya fili sau ɗaya ba zai kwana yana musu a kan Chelsea da Madrid.

Kuma ba a ce jihar ba ta san wasanni ba. Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, filin wasa na Ahmadu Bello ya ga wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009, Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010. Hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa ma a garin take tun da aka kafa ta a 1976. Mun iya babban biki, ƙaramin aikin kullum ne ba shi da mai shi. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 sun gaza, aka sallame su. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya nuna cewa idan hukuma ta damu da abu tana auna shi. Ban taɓa jin an tambayi makarantu nawa ne suke da fili, ko malamai nawa ne suke dawowa bayan la'asar ba. Dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 abu ne mai kyau, amma ba ta sayen ƙwallo. Mun daɗe muna lallashin malamai da cewa ladansu yana lahira, alhali haƙƙinsu na duniya yana hannunmu.

Saboda haka shawarar da na ba 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai ba ta gasar shekara-shekara ba ce, domin irin wannan gasa takan yi armashi a karon farko, a gayyato manyan baƙi, a karo na uku kuma a rasa mai sayen kofi. Na ce mu fara da neman taswirar filin makarantar daga hukumar filaye, mu ɗauko safiyo ya auna abin da ya rage, a kafa duwatsun iyaka, a ajiye kwafin takardun a wurin ƙungiyar iyaye da malamai da kuma mai unguwa. Bayan haka mu nemo malamin da yake riƙe da wasanni a yanzu, wanda na ji an ce matashi ne mai himma da ba shi da ko usur na kirki, mu yanka masa alawus na wata-wata da kuɗin kayan wasa na kowane zango, da sharaɗin a riƙa karanta lissafin a gaban taro, kuma kada ya riƙa fita da yara ba tare da wani babba na biyu ba. Mu da muke waje, abin da muke kashewa a rigar kulob ɗaya ta yaro zai sayi ƙwallaye masu yawa a Kasuwar Barci.

Wani dattijo a cikinmu ya ce duk wannan aikin gwamnati ne, kuma idan muka ɗauka mun sauke mata nauyi ke nan. Yana da gaskiya, shi ya sa na ƙara da cewa ƙungiyar ta rubuta wa ɗan majalisar jiha na mazaɓar ta nemi a yi dokar da za ta hana taɓa filin wasan kowace makarantar gwamnati sai da sanarwa a fili da amincewar iyaye. Amma doka tana iya ɗaukar shekaru, mai shagon da ke jikin katanga kuma an ce ya riga ya sauke yashi da bulo. Akwai kuma iyalan Malam, waɗanda ya kamata a tura mutum biyu su zauna da su, su ji halin da ake ciki game da haƙƙoƙinsa na fansho da karatun ƙananan 'ya'yansa, kafin a kai ga maganar wane ɗaki za a sa wa sunansa.