Wanda ya gyara harafi ɗaya ma aiki ya yi

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin masu rubuta manhajoji na buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke iya ganin rubutunsu ya kuma gyara, kuma ta fara isata. Sabon shiga zai zauna ya bi rubutun direban katin hoto, manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo, layi-layi, ya ga an rubuta recieve a maimakon receive a cikin bayanin da aka bari a gefen kod, ya gyara, ya aika da facinsa, wato gyaran da yake son a shigar. Kafin a ce masa sannu, sai a fara yi masa kallon mai neman suna. Wai wannan ba aiki ba ne, ɓata lokacin manya ne.

Hujjarsu ɗaya ce, kullum ita suke maimaitawa: manhajar da ke juya kod zuwa harshen na'ura tana zubar da bayanan gefe, don haka ko an gyara ko ba a gyara ba, hoton da zai fito a allo ɗaya ne. Gaskiya ne, na'ura ba ta karanta su. To ai dama ba don ita aka rubuta su ba. Mutum aka rubuta wa, kuma a direban katin hoto mutumin nan ya fi kowa buƙatarsu.

A duba girman abin. Direban AMD da ke cikin Linux ya haura layuka miliyan 5, mafi yawansu sunayen rajistocin katin ne, wato ƙananan guraben da ake ba katin umarni ta cikinsu. Mesa kuwa, wata tarin manhajar zana hoto, tun 1993 Brian Paul ya fara ta, hannuwa da yawa sun bi ta kanta, wasu sun bar aikin tun tuni. Nouveau, direban katunan Nvidia, an gina shi ne ta hanyar lura da yadda katin ke aiki, domin shekaru da yawa kamfanin bai saki cikakken bayanin kayansa ba. A irin wannan wuri, layi biyu na bayanin gefe su ne kaɗai abin da ya rage na wahalar wani injiniya da ya kwana yana neman dalilin da ya sa allo ke yin baƙi. Zai rubuta cewa a ɗan jira kafin a taɓa wannan rajista, in ba haka ba katin zai daskare. Bayan shekara goma, wani ya gamu da matsalar, ya buga sunan rajistar ko kalmar da yake zato a wurin bincike. Idan harafi ɗaya ya kauce, binciken zai dawo hannu rabbana, gargaɗin yana nan kwance amma ba wanda zai gan shi. Wannan shi ne abin da masu raina gyaran ke kira kwalliya.

Ga kuma waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, su ne kuwa da yawa daga cikin masu wannan aiki a duniya. Wanda ya tashi da Turanci zai ga kalmar da aka karkatar, idonsa ya gyara ta ba tare da ya sani ba. Wanda ya koya da ƙamus zai tsaya yana tunanin ko wata sabuwar kalmar fasaha ce da bai taɓa ji ba, ya nema ya rasa. Tuntuɓen alƙalamin da bai dami wani ba ya cinye wa wani rabin awa.

Na san abin da za a jefo mini. Za a ce Hacktoberfest ta 2020, gasar turo gyare-gyare ga manhajojin buɗaɗɗen tushe, lokacin da kwaɗayin rigar kyauta ya sa aka yi wa ayyuka ambaliyar gyare-gyaren banza har DigitalOcean, kamfanin da ya shirya ta, ya sauya dokar gasar. Za a kuma ce ƙorafin da wani mai aiki a btrfs, sashen Linux mai tsara ajiyar fayiloli, ya yi a 2021 kan ƙananan facin da ke fitowa daga ma'aikatan Huawei, wai don cika ma'aunin aikin ofis suke turo su. Laifin masu neman riga da masu cika ma'aunin ofis ne, a kama su da shi. Ba a hana kowa shiga kasuwa don an taɓa kama ɓarawo a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, su kansu masu Linux sun san darajar abin. A cikin tushen kod ɗin Linux akwai fayil mai suna spelling.txt, jerin kalmomin da aka saba kuskurewa ne da gyaransu, kuma manhajar checkpatch na amfani da shi wajen tantance faci. A 2014 an karɓi gyaran wata yarinya 'yar shekara 4 da ta lura layin da aka ja a ƙarƙashin wani kanu bai kai harafin ƙarshe ba. Ba wanda ya ce ta ɓata masa lokaci. Me ya sa yanzu ɗalibin da ya yi irin wannan lura zai sha tsawa?

Kuma a faɗi gaskiya, ta ina ake son ya fara? Ba wanda ke farawa da gyaran yadda katin hoto ke raba ma'adanarsa. Da faci mai layi ɗaya ake koyon amfani da git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, da rubuta bayanin gyara, da sa hannu a ƙasa, da gano wanda ke kula da wane sashe, da haƙurin jiran amsa. Masu kula da waɗannan ayyuka kullum kukansu shi ne sun gaji, ba magada. Abin da ya faru da manhajar xz a 2024, lokacin da aka gano wani ya cusa mata ɓoyayyar ƙofar kutse, ya nuna inda gajiyar mai kula ɗaya tilo ke kai aiki. Ba zai yiwu ka yi kukan rashin magaji kana korar duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Idan yawan facin ne matsalar, a ce wa masu turowa su haɗa gyaran fayil guda a faci ɗaya, a bar codespell, manhajar gano kuskuren rubutu, ta kama na gaba tun kafin su shiga. Wanda kuma ya turo na farko, a amsa masa da jimla biyu, a nuna masa aiki na gaba da ya ɗan fi wannan nauyi.