Asusu a Cikin Lasifika

Saura kwana uku a yi sunan ɗan ƙanwata a unguwar Nima da ke Accra aka ɗora mini nauyin kiɗa, domin ni kaɗai ke da kwamfutar tebur a gidanmu, kuma a wurin dangi wannan ya isa a kira mutum injiniya. Da na gwada da daddare, sauti yana fita tas muddin yana ƙasa-ƙasa, amma da zarar na ƙure shi sai muryar mawaƙin ta koma kamar ana soya kifi a tafasasshen mai, ga kuma wani kacau-kacau da ke bin kowane bugun ganga.

Na fara zargin waya, na zare ta daga koriyar kafar da ke bayan kwamfutar, na hure ƙura na mayar. Na goge direban Realtek, wato manhajar da ke sarrafa sautin kwamfutar, na sake ɗora shi, na kashe duk wani ƙarin gyaran sauti na Windows, amma kifi bai daina soyuwa ba. Uwargida ta leƙo ta ce, “Maigida, da ka bar wa masu sana'ar.” Na yi kamar ban ji ba, sai dai gari na wayewa na rungumi kwamfutar kamar jinjiri na shiga motar haya, wato trotro, zuwa unguwar Circle, inda yaron mota ya nace sai na biya mata kuɗin kujera.

A Tip Toe Lane, layin masu sayar da wayoyi da kwamfutoci, wani matashi mai gyara ya haɗa ta da lasifikarsa, tun da na bar tawa a gida don ban taɓa zarginta ba. Bai yi minti biyu ba ya nuna mini allo: sautin Windows yana kan 100, VLC kuma, manhajar da nake kunna kiɗa da ita, na ja ta har 125. Ya ce, “Malam, idan aka tura sauti fiye da abin da na'ura za ta iya ɗauka, sai ta datse kansa, wannan datsewar ita ce suyar da kake ji. Ka mayar da VLC kan 100, ka rage na kwamfuta zuwa wajen 70, sauran ka ƙara a maɓallin lasifika.” Na biya shi kuɗin abin da yatsana ɗaya zai iya yi, na dawo ina ta gumi.

A gida suya ta tsaya, amma kacau-kacau yana nan daram. Haushi ya sa na ɗaga babbar lasifikar na girgiza, sai ga kwabbai na pesewa 20 da 50 suna zubowa ta ramin da iska ke fita. Ɗana mai shekara huɗu ya rugo a guje yana kuka, wai na fasa masa asusu. Ya tsugunna ya tattara su, ya ƙirga sau biyu, sannan ya ɗago ya ce, “Baba, saura ɗaya.”