'Yata na karatu da harshe biyu, Hausa kuma tana jira a bakin ƙofa

Daren jiya bayan isha'i na zauna kusa da 'yata tana aikin gida. Tana aji takwas a wata sakandaren gwamnati kusa da birnin Kolon na Jamus, irin wadda Jamusawa ke kira Gimnaziyum, a sashen masu karatu da harshe biyu. Darasin tarihi ne, kan yadda injina suka raba masaƙan Ingila da sana'arsu. Littafin da Turanci yake, amma ta ja layi a takardarta ta raba gida biyu, kalmar Turanci a hagu, ta Jamusanci a dama, don malaminsu ba ya yarda yaro ya san abu da harshe guda. Can sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, da Hausa fa?" Na ce juyin juya halin masana'antu. Ta maimaita sau biyu, harshe na sarƙe mata, sannan ta rubuta da fensir can ƙasan takarda, tunda babu gida na uku. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri.

Tsarin nasu ba na gaggawa ba ne. A aji biyar da shida ana ƙara musu awoyin Turanci. A aji bakwai suka fara labarin ƙasa da Turanci, bana aka ƙara tarihi. Lissafi da kimiyya suna nan da Jamusanci. Ba a taɓa ce wa yaron Bajamushe ya ajiye harshen uwarsa a ƙofar aji ba. Ni kuwa da aka ci ni tara a firamare saboda na yi Hausa, na san ciwon da aka hutar da su.

Abin yana da asali. Bayan Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, da de Gaulle, shugaban Faransa, sun sa hannu kan yarjejeniyar abota ta Elysee a 1963, aka buɗe sashen Jamusanci da Faransanci na farko a garin Singen a 1969, domin 'ya'yan waɗanda suka yi ta yaƙar juna su ji maganar juna. Turanci daga baya ya mamaye.

Masu tambayata kayan aiki, kada ku zaci aljanna ce. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, da zauren motsa jiki, da ɗakin cin abinci inda take zaɓar girkin da babu nama. Ba a biyan kuɗin makaranta, babu yunifom, babu bulala. Amma banɗakinsu ya tsufa har yara na riƙe fitsari sai sun dawo gida, kuma idan malami ya kwanta rashin lafiya, sau da yawa darasin ya tafi ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne maki. Daga 1 ne zuwa 6, 1 ta fi kyau, kuma ɗaga hannu da yin magana a aji na da kaso mai tsoka. Yarinyar da muka tarbiyyantar kan kada ta ja da babba, sai da ta koyi ce wa malami ba ta yarda ba, ta kawo hujja, da Turanci kuma. Da fari ya yi mini nauyi. Yanzu na gane ladabi daban, rufe baki daban.

Ga inda nake da ƙorafi. A yawancin jihohin Jamus ana rarraba yara tun suna shekara goma, bayan aji huɗu. Ɗan maƙwabcinmu, iyayensa daga Siriya suka zo, yana jin Larabci da Kurdanci da Jamusanci, shi ke yi wa mahaifiyarsa tafinta a asibiti. Ba wanda ya kira shi mai harshe biyu. An ce Jamusancinsa bai nuna ba, ya tafi wata makarantar da hanyarta zuwa jarrabawar Abitur, mabuɗin jami'a, ta fi nisa. Ashe harsuna ma akwai 'yan gata. Turanci da Faransanci ado ne, Larabci da Turkanci kuwa matsala ce da ake neman magani.

Kuma ba wai ba a san mafita ba. Tun 1992 Berlin ke da makarantun Turai na gwamnati inda ake koyar da darussa da Jamusanci haɗe da ɗaya cikin harsunan da yanzu suka kai tara, har da Turkanci da Rashanci da Girkanci da harshen Poland. Can yaron da ya zo da Turkanci daga gida, da jarinsa ya shigo aji.

Ban sa ran Jamus za ta koya wa 'yata tarihi da Hausa ba, wannan nauyin a wuyana yake. Na ce mata daga yanzu ta riƙa raba takardar gida uku, duk ranar Asabar mu zauna mu cike na ukun tare. Maganar ɗan maƙwabcinmu kuwa, zan tashe ta a taron iyaye na wata mai zuwa, in sha Allahu, ko da Jamusancina zai yi tuntuɓe.