Masu kiran a kori baƙi, ku tuna 1983

Wani labari ya ce wasu na so a kwashe 'yan Nijar masu ga-ruwa da gadi a Kaduna a mayar da su gida. Jama'a, an fa taɓa gwadawa. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu sama da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Ghana. Tattalin arziki ya gyaru? Ina! Kafin nan ma, a 1969, Firayim Ministan Ghana Kofi Busia ya koro namu daga ƙasarsa, har da Hausawan zango. Tunda Nijar ta fice daga ECOWAS, a zauna a tsara batun takardu, wannan kam na yarda. To amma 'yan Borno da Boko Haram ta kora zuwa Diffa ta ƙasar Nijar fa, idan can ma aka ce za a rama?