Katanga ma tarihi ce, a daina ɗirka mata siminti

Duk sanda aka ce za a gyara tsohon gini mai tarihi, hankalin kowa kan rufi da tagogi yake tafiya, katangar jan bulo da ta kewaye shi da ƙofar shiga kuwa ko oho. Abin nan yana damuna sosai, don ita katanga ba rufin da ya kare ta, ruwa da rana suna dukanta gaba da baya shekara da shekaru, kuma ita mai wucewa yake fara gani.

A Ingila doka ta gane haka. Dokarsu ta 1990 ta ce duk ginin da yake cikin harabar gidan da aka sa a rajistar gine-ginen tarihi, in dai yana wurin tun kafin 1 ga Yulin 1948, ana lissafa shi cikin gidan ko da ba a rubuta shi a takarda ba. Wato ba ka isa ka kayar da ginshiƙin get don motarka ta samu hanya ba sai da izinin hukuma, in ka yi gaban kanka kotu ce. Masu gidaje suna ƙorafin takura ce, na kuma yarda gyaran yana cin kuɗi, amma wanda ya sayi irin wannan gida ai ya san amana ya ɗauka.

Sai dai ni a ganina masu rushewa ba su kai masu gyaran ganganci ɓarna ba. Magina na da da kwaɓin farar ƙasa suke ɗora bulo, shi kuwa yana da laushi, yana barin danshi ya fita ta tsakanin bulo, in katanga ta ɗan motsa ya bi ta. To sai birkila ya zo da kyakkyawar niyya ya cike ramukan da siminti wanda ya fi tsohon bulon tauri, ruwa ya rasa hanya sai ta jikin bulon, ga gishirin da yake tasowa daga ƙasa, ga ƙanƙara a ƙasashen sanyi, kafin ka ankara fuskar bulon ta fara ɓarewa tana zuba, simintin yana nan daram. Tun 1877 William Morris, wani mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine saboda irin wannan gyara da yake cinye asalin abu, har yau ba mu ji ba.

Abin da katanga take so bai da yawa fa. A kula da murfin samanta kar ruwa ya shiga, a cire tsiron da yake sa saiwa, in bulo ya mutu a canja shi kaɗai da mai irin girmansa da launinsa.

Hukumomin da suke hana rushewa su ma da nasu aikin. In za ka ce wa mutum kar ya taɓa, to ka tallafa masa da kuɗin gyara, ka kuma horar da birkiloli aikin farar ƙasa, don yanzu samun wanda ya iya shi ma wahala ne.