Yadda Tarbiyyar Zobo Ta Kashe Mini Ƙwayoyin Biri

Ni a cikin sana'ar zobo na buɗi ido. Tun ina aji uku na firamare nake ɗura wa Umma zobo a gorunan roba, kuma dokarta biyu ce tak: gora ba ta kwanciya, murfi kuma a murɗa shi har sai ya yi ƙara. Duk wanda ya bari zobo ya zube a cikin kula, ranar kunnensa zai gane kurensa. Shekara goma sha wani abu ina wannan aiki, har ya zama ko robar ruwa na gani a kwance a gefen titi sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Da wannan hannu na shiga ɗakin gwaje-gwaje lokacin da na fara digiri na biyu.

Ranar farko ma sai da na kunyata. Dattijon da ke kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Baba, ya ce in ɗauko masa filas. Na duba sama na duba ƙasa, na hango filas ɗin shayinsa a kan taga, na kawo masa har da rusunawa. Ya dube ni, ya dubi filas, ya ce, "Yaro, wane gari ka ce ka fito?" Ashe filas ɗin da yake nufi wata 'yar roba ce garai-garai, mai faɗin ciki da karkataccen wuya, kamar kwalbar turaren da mota ta taka. Akwai T-25, akwai T-75, akwai babbar yayarsu T-175. Lambar kuma ba kuɗinta ba ne, faɗin shimfiɗar cikinta ne a murabba'in santimita, wato filin da ƙwayoyin halitta za su manne su yaɗu.

Ƙwayoyin da aka ba ni reno sunansu Vero. Daga ƙodar wani biri ɗan Afirka aka ciro kakanninsu a Japan a 1962, kuma tun daga lokacin suke hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, har da su ake amfani wajen haɗa rigakafin shan inna da na cizon mahaukacin kare. Gatan da suke samu ko ɗan sarki albarka. Ɗakinsu inkubeta ce mai ɗumin digiri 37, daidai da jikin mutum, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin ɗari. Kafin ka taɓa su sai ka fesa wa safar hannunka sifirit. Abincinsu kuwa wani jan ruwa ne da ake gaurayawa da ruwan jinin ɗan tayin saniya, abin da ya fi kuɗin makarantata tsada. Da na ga kalarsa sai zuciyata ta ce, ai wannan zobo ne da aka cika wa ruwa.

Wata Juma'a Baba ya ce in canza wa filas uku ruwa in mayar da su. Na zuƙe tsohon, na zuba sabo, komai tsaf. Da na buɗe inkubeta sai na ga filas ɗin sauran ɗalibai duk a kwance, an ɗora wani kan wani, murafen ma sako-sako. Na girgiza kai. Manyan mutane, wasu har da masu neman digirin dakta, amma ba a koya musu ajiye gora ba! Na tsayar da nawa ƙyam a kan gindinsu, na murɗe kowane murfi har sai da ya yi ƙarar da Umma ke so. Wallahi har na miƙa hannu zan gyara wa sauran nasu don neman lada, sai na ji liman ya hau mumbari. Huɗubar nan ita ta ceci binciken mutum huɗu.

Ranar Litinin na tarar ruwan ya ƙara duhu, ya koma ja mai ratsin shunayya. Daɗi ya kama ni, don a wajenmu zobon da ya yi haka shi ne ya ji ganye. Na kai wa Baba ina murmushi.

Bai ce uffan ba. Ya kwantar da filas a ƙarƙashin madubin hangen ƙwayoyin, ya leƙa, ya daɗe, sannan ya yi salati. Ya ce in zo in gani. Waɗanda ranar Juma'a suke shimfiɗe kamar daɓen tsakar gida sun ƙanƙance sun bushe, wasu na yawo a ruwa kamar dusa.

Sai ya zaunar da ni. Ƙwayoyin, in ji shi, a jikin faffaɗan gefen nan suke manne, ruwan kuma ɗan kaɗan ne, bai fi mililita 15 ba, sai filas na kwance yake rufe su. Da na tsayar, ruwa ya gangara gindi ya bar su a bango kwana uku. Murfin kuma, irin namu ba mai matatar iska ba ne, dole a ɗan sassauta shi iskar inkubeta ta shiga. Jan launin ma ba ado ba ne, ɗan rahoto ne: in ruwa ya yi tsami, kamar in ƙwayoyin cuta sun shiga, sai ya koma rawaya, in kuma iskar nan ta yanke masa sai ya yi shunayya. Abin da nake wa murna ashe sanarwar rasuwa ce.

"Tun 1962 zuri'ar birin nan ke raye," in ji Baba, "sai da ta zo hannunka." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, tarbiyya ce." Da na ba shi labarin kula da kunne, ya yi dariya har da riƙe tebur, sannan ya jawo wani filas daga can ƙuryar inkubeta. Ya ce duk shekara yana ɓoye ɗaya saboda sababbin shiga. Daga ranar sunana a ɗakin ya koma Mai Zobo, har malamar da ke duba aikina haka take kira na.

Da na je gida hutu na kwashe labari na gaya wa Umma, ina jiran ta tausaya mini. Ta gama ji, ta ci gaba da tace zobonta, ta ce, "Gorar da ba ta tsayuwa, murfinta ba ya ɗauruwa? Ku dai an cuce ku. Wa ya sayar muku?"